Me Ke Riƙe Rami Har Ya Ƙi Ruftawa?

A yankin Kankiya da Kusada babu tsaunin da ya tare hanya har a ce sai an huda shi mota ta wuce. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, sai ɗan tudu da kwari da duwatsu jefi-jefi. Shi ya sa in aka ambaci ilimin gina hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, mutumin yankin zai ce zancen Turai ne. Alhali rana ba ta fitowa ta faɗi wani namu bai shiga cikin ƙasa ba: mai haƙar rijiya, mai yasa, mai tonon shadda, mai saran ƙasar gini a bakin kududdufi, ga kuma samarin da ke tafiya haƙar zinare Zamfara ko Nijar. Injiniyoyin da suka huda dutsen Gotthard na Suwizalan, hanyar jirgin ƙasa mai kilomita 57 da aka buɗe a 2016, tambayarsu ɗaya da ta mai rijiya: me ke riƙe da ƙasar da ke bisa kaina, kuma zuwa yaushe?

Tsohon mai haƙa ya san rabin amsar. Yana farawa da rairayin sama, wanda shebur ke kwashewa ba gardama. Daga nan sai jar marmara, mai sa dagi tartsatsi, wadda ke tsayawa ƙyam ba tokari. Ƙarƙashinta akwai ruɓaɓɓen dutse, fari-fari ko ruwan toka, mai ɗan ƙyalli. In ka damƙe shi a hannu sai ya marmashe. Can ƙasa kuma fa ne, inda sai guduma ko nakiya. Ruwan rijiyoyinmu galibi a cikin ruɓaɓɓen dutsen nan da tsagogin fa yake kwance, kuma a nan haɗarin yake. Ruwa na cin bangon daga ƙasa, rijiya ta yi ciki, marmarar sama ta zama rufi mara ginshiƙi. Wanda ya leƙa daga baki zai rantse lafiya lau take.

Abin da injiniyoyi suka ƙara a kan wannan sani shi ne awo. Kafin a sari ko taku ɗaya, sai an tura bututu ya yanko dutsen ƙasa doguwar sanda, a jera a akwatuna, a ƙirga tsagogi, a gwada ƙarfinsa. A 1973 wani injiniya a Afirka ta Kudu, Bieniawski, ya fito da tsarin ba dutse maki har zuwa 100, bisa ƙarfinsa, yawan tsagoginsa, yanayin tsagogin da kuma ruwan da ke tsattsafowa. Jadawalinsa, wanda ya sabunta daga baya, ya raba dutse aji biyar. Na aji ɗaya zai iya tsayawa shekara 20 ba tokari a rami mai faɗin mita 15. Na aji biyar kuwa, ko faɗin mita ɗaya ne, minti 30 aka yi masa ƙiyasi. Wato kowane rami yana da wa'adi, kuma yawan faɗinsa ke rage wa'adin.

Dalilin da ya sa ake lanƙwasa saman hanyar cikin dutse, duk wanda ya taɓa ɗaga kai a tsohon zaure mai bakan gizo ya riga ya gan shi. Magina irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, sun san cewa baka na karkatar da nauyi ya sauka ta gefe zuwa bango. Ƙasa ma haka take yi: in aka huda ta da siffar baka, nauyin sama yana zagaye ramin ya sauka hagu da dama. Sai dai sharaɗin shi ne gefen ya zauna daram. A ramukan zinare, jijiyar da ake bi takan ratsa ta cikin ginshiƙin da aka bari ya riƙe rufi, sai kwaɗayi ya sa a sare shi. Ga ramin maƙwabci yana matsowa har bangon tsakani ya zama siriri, ga tulin ƙasar da aka fitar an jibge a baki. Mita ɗaya ta ƙasa, tsawo da faɗi da zurfi, tana kai nauyin buhun siminti 30 zuwa 40. A watan Nuwamban 2021 ramukan zinare suka rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, nan kusa da iyakar Jibiya, aƙalla mutum 18 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. A Nijar ɗin dai, a Akuta kusa da Arlit, an haƙi yuraniyom a zurfin mita 250 tun daga 1978 har aka rufe wurin a watan Maris na 2021. Zurfi kaɗai ba shi ke rufta rami ba.

Hanyar da aka fi bi a yau, wadda injiniyoyin Ostiriya suka daidaita wajen shekarun 1960, ita ce a sari kaɗan a tokare nan take. Ana huda bango a cusa dogayen rodi, mita uku ko fiye, a liƙe da siminti don su ɗinke sassan dutse da juna. Sannan a fesa kankare da mesa a kan ragar ƙarfe. Bayan haka a kafa alamomi a bango, kullum a auna tazarar da ke tsakaninsu. Rami sabon haƙa dole ya ɗan tsuke. In tsukewar tana raguwa, ƙasa ta samu wurin zama. In tana ƙaruwa, a fitar da ma'aikata a ƙara tokari. Mai haƙar da ba shi da na'ura ma yana da nasa alamomin: tsaga a bakin rami, tsakuwa na zubowa ba wanda ya taɓa, ruwa ya canza launi ya zama laka, itacen tokari na ƙara. Matsalar ita ce a wurinmu wanda ya ce a fita shi ake kira matsoraci.

A ƙasa mai laushi kuma ƙaton inji mai zagayayyen baki ke ci gaba, yana jera zoben kankare a bayansa. Dabarar zoben rijiya ce aka kwantar. Amma inji ba ya raina hannu. A Nuwamban 2023 wata hanyar cikin dutse ta rufta da ma'aikata 41 a jihar Uttarakhand ta Indiya. Injin ceto ya kakkarye a cikin ɓaraguzai, sai masu haƙar hannu suka rarrafa cikin bututun da faɗinsa bai kai mita ɗaya ba suka ƙarasa mitocin ƙarshe. Bayan kwana 17 aka fito da kowa da rai.

Iska ita ce abin da aka fi mantawa. Alhazanmu sun san hanyoyin cikin dutse na Makka da Mina, da manyan fankokin da ke ruri a rufinsu har ba ka jin maganar na kusa da kai. Ba ado ba ne. Ranar 2 ga Yulin 1990 turmutsutsu ya auku a hanyar Mu'aisim, mai tsawon mita 550, ga tsananin zafi da ƙarancin iska, alhazai 1,426 suka rasu. A rijiya abin ya fi zuwa a ɓoye. Dabarar zura fitila a gani ko za ta mutu tana da tushe, domin wuta na mutuwa inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci. Amma ba ta gano gubar hayaƙin injin fetur, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Injin ban-ruwa ko janareto da aka zura cikin rijiya, ko aka aje a bakinta salansa na kallon ciki, ya isa ya kwantar da ƙato cikin mintoci. Sau da yawa kuma ba gawa ɗaya ake fitarwa ba, saboda ɗan'uwa ya ga an yi shiru ya bi sahu ba igiya a ƙugu.

Gadar ƙasa irin ta Ƙofar Ƙaura a Katsina, wadda aka ƙaddamar a Janairun 2023, da ire-irenta na Kano, daga sama ake tone su, a kafa bangon kankare a gefe, a ɗora titi a kai. Ƙasansu ya fi ko'ina kwari a unguwa, don haka duk ruwan sama nan zai nufa. Rayuwarsu ta rataya ne a kan magudana ko famfon da ke zuƙe ruwan, da ƙananan ramukan jikin bango da ke rage ruwan da ya taru a bayansa. Ledar ruwa da yashi kaɗai sun isa su toshe su.

Japan ma sai da ta sha wuya ta ɗauki duba da muhimmanci. A Disamban 2012 allunan kankare na rufin hanyar Sasago suka zubo kan motoci, mutum tara suka mutu, saboda ƙusoshin da ke riƙe da su sun saki ba a lura ba. Daga 2014 doka ta wajabta duba kowace gada da hanyar cikin dutse ido da ido duk shekara biyar. Cikin kayan dubawar har da 'yar guduma: lafiyayyen kankare na amsawa ƙwal, wanda ya rabu da bango kuwa sai ka ji ɓus.

Mu abin da muke da shi da yawa shi ne kwalbati, a ƙarƙashin titin Kano zuwa Katsina da hanyoyin ƙauyuka. In ta toshe, ruwa na neman hanya ta gefenta, ya kwashe cikon ƙasa sannu a hankali, kwalta na nan sumul a sama har ranar da babbar mota za ta taka. Lokacin leƙa ta da yashe ta shi ne Afrilu zuwa Mayu, kafin ruwan fari. Abin dubawa kuma bai wuce tsaga a jiki, rodi da ya fito ya yi tsatsa, zaizaya a bakin fita, da lotsawar titi daidai samanta ba. Samarin gari da shebur za su iya yasar a aikin gayya, amma tsaga da lotsawa sai a kai rahoto sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, a rubuce, da hoto da kwanan wata.