Kulocin Babur ɗin Ƙanƙara a Kan Tsauni

A tsaunukan Kolorado ta Amurka, babur mai tafiya bisa dusar ƙanƙara yakan rasa wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da ya hau, domin iska tana raguwa. Direbansa ba ya sauya giya. Wasu 'yan ƙarafa ne cikin kuloci, waɗanda juyin inji ke turawa waje su matse bel. In sun yi wa raunanan inji nauyi, sukan danne shi kafin ya kai juyi 8,000 a minti, babur ya cije tsakiyar hawa. Don haka makanikai kan musanya su da waɗanda ba su kai su nauyi ba. Bambancin 'yan giram ne kawai. Da an sauko, tilas a mayar da na farkon, kada inji ya zarce iyakar juyinsa.