Zato Ba Hujja Ba Ne: Shari'ar Shinkafar Manipur

Duk lokacin da abinci ya yi tsada, hankalin hukuma yakan koma kan masu ɓoye kaya. Saboda haka ne ƙasar Indiya ta kafa Dokar Kayan Masarufi a 1955, wadda ta ba Gwamnati ikon tsara saye da sayarwa da ajiyar hatsi da makamantansa. Amma tsananin doka bai ɗauke wa mai gabatar da ƙara nauyin kawo shaida ba. Wata shari'a daga yankin Manipur ta tabbatar da haka.

A ƙarƙashin wannan doka an fitar da umarni a Manipur cikin 1958, cewa ba mai yin fataucin hatsin da ya kai awo 100 sai da lasin. Awon nan, wanda suke kira mand, ya ɗara kilo 37 kaɗan. To, a 1960 sai aka tarar da awo 178 na shinkafa shanshera a wurin wani mutum, ba shi kuwa da lasin. Ya amsa cewa shinkafar tana nan, amma ya ce ta cin iyalinsa ce. Majistare ya same shi da laifi, ya ci shi tara. Ya ɗaukaka ƙara, aka kore ta. Bai karaya ba, ya kai kuka gaban Kwamishinan Shari'a na yankin, wanda ya soke hukuncin.

Hukuma ba ta gamsu ba, ta garzaya Kotun Ƙoli. A ƙarshen 1963 alƙalai suka yi watsi da ƙararta. Suka bayyana cewa umarnin ya yarda a ɗauka an ajiye shinkafar don sayarwa, amma iyakarsa ke nan. Fatauci sana'a ce, watau abin da mutum ya saba yi a kai a kai. Ajiya sau ɗaya ba ta mai da mutum falke, alhali kuwa ba a kawo shaida ko guda ba cewa ya taɓa ciniki.

Darasin a fili yake ga jami'an da ke binciken sito da kasuwanni: kama kaya daban, tabbatar da laifi daban. Wanda aka hukunta kuwa ya duba ko an kawo shaida kan kowane rukuni na tuhumar. In ɗaya ya faɗi, hukuncin ba shi da madogara. Hausawa dai sun ce zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.