Ruwa a Taya, Ƙarfe a Goshi

A wani garejin hayar tarakta da ke yankin Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ya sa ake noma rani da damina, mai faci ne ke fara aikin shekara kafin direba. Zai sa jak ya ɗaga ƙafar baya, ya juya taya har bawul ya dawo sama, sannan ya ɗura ruwa. Da ruwan ya taɓo bakin bawul, kashi uku cikin huɗu na tayar ya cika. Ragowar ta iska ce, don tayar ta riƙa lotsawa in ta hau kunya. Kowace lita kilo guda ce, kuma nauyin yana can ƙasa, inda ba zai sa motar ta kife ba. A ƙasashen sanyi sai an zuba sinadarin hana daskarewa. Nan ruwan rijiya ya wadatar.

Dalilin duk wannan shi ne laka. Tarakta irin Massey Ferguson 375 tana da ƙarfi, amma in ba ta da nauyi sai taya ta yi ta juyawa wuri guda, gas na ƙonewa, manomi na tsaye yana kallon rana. Masana sun yarda da santsin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. In ya wuce haka, asara ce. In babu shi sam, nauyi ya yi yawa, ƙasa za ta danƙare, saiwa ta kasa ratsawa.

Gaban motar kuwa lamarinsa ya fi tsanani. Da an ɗaga garma ko haro a baya, goshin motar sai ya yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana. Ƙa'ida ita ce aƙalla kashi 20 cikin ɗari na nauyin motar ya zauna kan ƙafafun gaba, shi ya sa ake rataya mata faifan ƙarfe. Sai dai sau da yawa ƙarafan sun daɗe da faɗawa hannun 'yan gwangwan, sai ka ga an ɗora yaran mota biyu a kan bonet suna tsallake hanyar ruwa.

Wannan kam ba ya karɓuwa. Buhun yashi in an ɗaure shi tam yana tsayawa a inda aka sa shi. Yaro kuwa gargada ɗaya za ta zamar da shi, ga tayar baya cike da ruwa tana tafe a bayansa.