Yaron da ya makara da tafiya: amfanin gashin ƙashi

A Zangon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, akan ga yaro ya shekara biyu bai tsaya ba, ƙafafunsa sun ƙage ko suna harɗewa kamar almakashi. Wasu kan ce ɗan ruwa ne, wasu su ɗora wa uwa laifi. Sau da yawa kuwa ƙwaƙwalwarsa ce ta sami rauni, saboda haihuwa kafin lokaci, ko doguwar naƙuda, ko shawara mai tsanani a makon farko, ko sanƙarau. Larurar ba ta yaɗuwa, raunin kuma ba ya ƙaruwa. Amma gaɓar da aka bari ba motsi, ƙara ƙagewa take yi.

Nan ne gashin ƙashi ke da amfani. Ba ya goge raunin, sai dai yana sassauta jijiyoyi, ya ƙarfafa tsoka, ya koya wa jiki aiki daki-daki: riƙe wuya, zama, tsayuwa, sannan taku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan jariri ya wuce wata 4 bai riƙe wuya ba, ko wata 9 bai zauna ba, a kai shi asibiti. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda aka fi sani da Gee, yana da sashen wannan aiki. A tafi da katin NHIS.

Mafi yawan aikin kuwa a hannun iyali yake, a gida ko a rumfar kasuwa:

• In za a goya shi, a ware ƙafafunsa a ƙugu.
• A tsayar da shi jikin benci, tafin ƙafa a shimfiɗe a ƙasa, abin wasa a gabansa.
• In ya fara tsayuwa, ya riƙa tura kujera mai ɗan nauyi.
• A miƙar da gaɓoɓi a hankali, yadda ma'aikaci ya nuna. Ban da fizga, ban da tsaga.

Kaɗan-kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a mako. Uba da kaka da yayye su karɓi uwa ranar da take Kejetia.

Yaron da ya zauna da kansa kafin shekara biyu, galibi yakan yi tafiya. Wani sai da takalmin gyara ko sanda, wani da keke. Kowannensu ya cancanci makaranta da wasa cikin 'yan'uwansa. Kada a ɓoye shi a ɗaki.