Kuɗi Kaɗai Ba Sa Mai da Mutum Furodusa

Abin ya fara isar mutane: yaro ya karɓi gadonsa, ko ya sayar da fili, washegari sai ka ji ana kiransa furodusa. Maganar da ke yawo ita ce wai furodusa shi ne mai kuɗin fim, sauran aiki na darakta ne. Wannan gurguwar fahimta ta cinye dukiyar bayin Allah da dama. A taƙaice, furodusa shi ne mai zaɓen labari, ya tsara kasafi, ya ɗauki ma'aikata, ya kai fim kasuwa. Shugaban kamfani kuwa shi ke cewa a yi wannan fim, a ajiye wancan.

A duba Irving Thalberg na Amurka. Bai shiga harkar da jari ba. Sakatare ne a ofishin Carl Laemmle, mai kamfanin Universal, kuma yana ɗan shekara 20 da 'yan kai aka damƙa masa kula da shirya fina-finan kamfanin. A 1922 ya sallami Erich von Stroheim, darakta mai ji da kansa, ana tsakiyar ɗaukar fim ɗin Merry-Go-Round, saboda yadda yake ɓarin kuɗi ba lissafi. Da aka kafa kamfanin MGM a 1924, shi aka ba ragamar shirye-shirye. Al'adarsa ita ce ya nuna wa 'yan kallo fim kafin a sake shi, inda ya ga sun yi sanyi sai ya sa a koma a sake ɗauka. Ya rasu a 1936 yana da shekara 37, kuma ba ya ma yarda a rubuta sunansa a fina-finan da ya shirya. Ita ma Sherry Lansing, malamar lissafi ce, ta fara da karanta rubutattun labarai tana tantancewa, kafin a 1980 ta zama shugabar shirye-shirye a 20th Century Fox, daga baya ta jagoranci Paramount. Dukansu da ido da lissafi suka hau, kuɗin kuwa na wasu ne.

Wani zai ce ai Kano ba Holiwud ba ce, ba mu da manyan kamfanoni, don haka mai kuɗi dole shi ne furodusa. Gaskiya ne, tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, sau da yawa mutum ɗaya ke sa hulunan biyu. Amma wannan ƙarin dalili ne na ya koyi aikin, domin idan fim ya faɗi, aljihunsa ne zai ji a jikinsa. Kuma yawan kuɗi bai taɓa ceton fim ba: Heaven's Gate na 1980 ya lashe kusan dala miliyan 44, bai dawo da ko kashi goma cikin ɗari ba, a 1981 aka sayar da kamfanin United Artists da ya shirya shi. A Kano kuwa, satar fasaha da mutuwar kasuwar faifai su ma suna da nasu laifin wajen faɗuwar fina-finai.

To, mai son shiga, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara bin ƙwararre lokeshan, ka ga abin da jinkirin kwana ɗaya ke ci: hayar kyamara, man janareta, abincin ma'aikata, kuɗin masauki. Kada a kunna kyamara sai rubutun labari ya kammala. Ka ware kuɗin edita da na talla tun farko, don a nan ne fina-finai suka fi maƙalewa. Ka san inda za a haska shi, YouTube ne, tashar talabijin ce ko sinima, kafin ka ba jarumi kafin alƙalami. A rubuta kowace yarjejeniya da shaidu, ko da da ɗan'uwanka ne, kuma ka yi rajista da Hukumar Tace Fina-finai. Ku kuma 'yan mata da samari, duk wanda ya ce ku biya shi ya sa ku a fim, ku rabu da shi; furodusan gaske shi ke biyan ɗan wasa.