Tafiya A Ƙasa Ba Ta Cinye Gwiwa

A masallatan biranenmu yanzu da wuya a rasa kujeru uku ko huɗu a gefen sahu, inda dattawan da gwiwa ta hana wa sujada suke zama su yi salla. Da yawansu ciwo ɗaya ne ke damunsu, wato amosanin gaɓɓai, wanda wasu ke kira sanyin ƙashi. Shawarar da 'ya'ya kan bayar ita ce, "Baba, a riƙa hutawa, kada a ƙarasa gwiwar nan." To, likitoci kam sun daɗe da barin wannan ra'ayi.

Ga yadda abin yake. A bakin ƙasusuwan da suka haɗu a gwiwa akwai guringuntsi mai santsi, shi ne ke hana su gugar juna. In ya zaizaye sai ciwo da ƙagewa su biyo baya. Shi wannan guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma ruwan ba ya ratsa shi sosai sai ana takawa ana ɗagawa, kamar yadda soso ke tsotsar ruwa in an matse shi an saki. Wanda ya zauna wuri ɗaya ya rage masa abinci ke nan. Bugu da ƙari naman cinya da ke riƙe gwiwar sai ya saki, ƙiba kuma ta ƙaru.

A shekarar 2022 Dokta Grace Lo ta Kwalejin Likitanci ta Baylor da ke Houston a Amurka, ita da abokan aikinta, sun buga sakamakon binciken mutane fiye da 1,200 masu shekara 50 zuwa sama, dukkansu masu wannan ciwo. Cikin waɗanda gwiwa ba ta riga ta matsa wa ba, masu tattaki don motsa jiki kashi 26 cikin 100 ne ciwon ya zame musu na yau da kullum, marasa yi kuwa kashi 37. Sai dai a faɗi gaskiya: waɗanda ciwon ya riga ya kama sosai, tattakin bai nuna ya rage musu shi ba a wannan bincike. Ashe ribar ta fi yawa ga wanda ya fara da wuri.

Nawa za a taka? Wani binciken da aka buga a Amurka a 2014 ya nuna taku 6,000 a yini na kare masu wannan ciwo daga gazawar tashi da hawan bene. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce minti 150 a mako, wato rabin sa'a a kwana biyar. Ba lallai a yi shi a tashi ɗaya ba. Minti goma zuwa masallaci da asuba, goma da la'asar sakaliya in rana ta yi sanyi, goma bayan isha'i, an cika. Abin takaici, tafiyar da kakanninmu ke yi zuwa gona ko kasuwa ba tare da sun ɗauke ta komai ba, yau ɗan acaɓa muke tsayarwa dominta.

A fara da kaɗan, a bi shimfiɗaɗɗiyar hanya, a sa takalmi mai riƙe ƙafa maimakon silifa. Mai dogara sanda ya riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ƙafar da ke ciwo ba. Ɗan tsami bayan tafiya ba abin tsoro ba ne, amma in ya kwana ya wuni sai a rage nisa. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi, ko take sarƙewa, wannan ta likita ce.

Akwai kuma iyayenmu mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke da amosanin gaɓɓai a duniya, kuma wajen kashi 60 cikin 100 mata ne. Ga shi su ne ba su cika fita ba. Zagaya tsakar gida tafiya ce, haka ma zuwa barka ko gaisuwa a ƙasa cikin unguwa. Wadda ta biya kuɗin kujerar Makka kuwa gara ta soma tun watanni kafin tashi, domin safa da marwa kaɗai ta kai kimanin kilomita uku, ban da ɗawafi da jifa.