Waƙafin da ya cinye makin ɗalibata

Ranar wata Litinin, bayan an tashi kowa ya watse, wata ɗalibata ta tsaya a bakin ƙofar aji tana murza gefen hijabinta. Yarinya ce da ba ta cika magana ba. Ta ce, "Malam, don Allah a sake duba mini ta huɗu. Sau uku na yi a gida, bakwai nake samu."

Tambayar ba wata mai wuya ba ce: tela yana da yadi mita 12, ya yanki mita biyu da rabi sau biyu, a rubuta lissafin abin da ya rage. Ita ta rubuta 12 − 2,5 × 2. Daidai ne, bakwai ne. Amma sifili na ba ta, kuma ba da hannuna na duba ba. Wata 'yar manhaja ce da na rubuta da harshen Python, wanda na ɗan koya tun ina kwalejin horar da malamai. Yaran ajina a nan Yawunde sun haura sittin, aikin gida suna turo mini ta WhatsApp da wayar iyayensu, ni kuma in kwafa in zuba wa manhajar, ta lissafa abin da kowa ya rubuta ta gwada da amsar da nake jira.

Da daddare na buɗe kwamfutar na saka lissafinta. Ta ba ni −38.

Sai da na bi kod ɗin layi-layi na gano ɓarnar. Na rubuta shi ne yana karanta harafi ɗaya-ɗaya: in lamba ce ya jona ta da ta baya, in alamar lissafi ce ya yi aikinta, in kuma abin da bai sani ba ne ya tsallake shiru. Waƙafi bai san shi ba, domin a Python ɗigo ake sawa, 2.5, mu kuwa a tsarin karatun Faransanci waƙafi muke koya wa yara. Ya tsallake waƙafin, biyu da rabi ta koma 25. Kuma wannan ne aiki na farko da na bayar mai ɗauke da irin waɗannan lambobi, shi ya sa ban taɓa lura ba.

Niyyata in ƙara layi ɗaya da zai gane waƙafi in je in kwanta. Ƙanena da ke karatun kwamfuta a jami'a ne ya hana ni. Ya duba ya ce, "Yaya, ka je wajen masu tsire a Birkitiri ka gani. Mai yankan nama daban, mai jerawa a tsinke daban, mai gashi daban. Kai ka haɗa wa mutum ɗaya duka, wuƙa a hannu ɗaya, wuta a ɗaya." Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, yaron da ni na koya masa jadawalin sau. Amma gaskiya ya faɗa.

Abin da muka yi a daren nan da na gobensa shi ne ware mai yanka. Masana suna ce masa tokanaiza. Aikinsa guda: ya karɓi rubutu ya mayar da shi jerin gutsattsari, kowane da sunan irinsa, da abin da ke cikinsa, da wurin da aka same shi a layin. Lissafin yarinyar nan gutsure biyar ne: lamba 12, alamar ɗebewa, lamba 2,5, alamar sau, lamba 2. Ba ya tarawa, ba ya ɗebewa, bai san ma cewa sau yana gaban ɗebewa ba.

Maimakon tulin "in kaza ne, in ba haka ba" da na jera kusan shafi biyu, muka yi ɗan tebur a saman kod ɗin. Kowane layi sunan iri ne da siffarsa, an rubuta da ma'ajin re da ke zuwa tare da Python. Lamba: jerin alƙaluma, wataƙila da waƙafi ko ɗigo a tsakiya. Sau: ×, ko tauraro. Rabawa: ÷, ko karkatacciyar sanda, ko ɗigo biyu da yaranmu suka saba. Ɗebewa ma kala-kala ce, don gajeren layin da waya ke bayarwa da doguwar alamar da ake kwafowa daga littafi, a ido ɗaya suke, a wajen kwamfuta haruffa biyu ne. Gobe in wani yaro ya zo da sabuwar alama, layi ɗaya zan taɓa a teburin.

Layin ƙarshe na teburin shi ne ya fi mini muhimmanci: duk abin da bai dace da komai ba, manhaja ta tsaya ta ce ga harafin, ga wurinsa, ban gane ba. Babu sauran tsallakewa. Da tun farko haka na yi, da a ranar zan ga waƙafin, ba sai yarinya ta kwana tana zargin kanta ba.

Inda muka yi musu sosai shi ne lambobin ƙasa da sifili. Ni na so mai yanka ya ɗauki −2 a matsayin lamba ɗaya, ai haka muke koyarwa. Ƙanena ya rubuta 5−2 babu tazara ya ce in yanka masa. Na ga 5, na ga −2, alamar ɗebewa ta ɓace. Ya ƙara da −2², wanda a aji amsarsa −4 ce, don ana ninka biyun kafin a sa mata alama. In an manne alamar a jikin lambar tun wajen yanka, 4 za a samu. Ba ƙananan manhajoji kaɗai ke rabuwa a nan ba: rubuta =-2^2 a Excel ka ga 4, rubuta -2**2 a Python ka ga −4. Na sallama. Mai yanka ya ce "ga alamar ɗebewa" ya yi shiru, mataki na gaba ya duba abin da ke bayanta: in farkon layi ne, ko buɗe baka, ko wata alamar, to ta lambar ce.

Shi wannan mataki na gaba ba mu ƙirƙiro komai ba. Hanyar da Edsger Dijkstra, masanin ƙasar Holan, ya bayyana a 1961 muka bi, wadda ya kwatanta da yadda ake jera taragon jirgin ƙasa a tasha: lambobi su wuce, alamomi su jira a gefe har lokacinsu ya yi. Na yi mamakin gajartarta da zarar gutsattsarin sun zo mata a tsabtace. Sau ɗin da ba a rubutawa, kamar a 2(3+4), shi ma muka ba shi ɗan matakinsa a tsakani.

Akwai wadda har yanzu ban gamsu da ita ba. Mu dubu muna rubuta ta da tazara, 1 000. To in yaro ya rubuta 12 345, dubu goma sha biyu da wani abu yake nufi, ko ya manta alama ne a tsakani? Na sa manhajar ta karɓa in alƙaluma uku cif ne suka biyo bayan tazarar, amma ta yi mini alama in duba da idona. Ƙanena yana ganin na cika tsoro. Shi ba ya tsayawa gaban iyayen yara ranar karɓar sakamako.

Da muka gama na sake zuba aikin ajin gaba ɗaya. Yara goma sha tara ne waƙafin ya cinye wa maki, ita kaɗai ta yi magana. Na faɗa musu a aji cewa kuskuren nawa ne, na gyara a rajista suna kallo, wasu na dariya ƙasa-ƙasa. Yanzu ina da wani fayil na lissafan gwaji da nake bi da manhajar ta kansu duk lokacin da na taɓa kod ɗin. Na farko a ciki 12 − 2,5 × 2 ne, a gefensa na rubuta 7.